Wa'adin Takardar Mai Tsani

Ku bari in fara da ajiyar zuciya, jama'a, don tun ranar Litinin rabona da in yi ta har ƙasan ciki. Yau Asabar da safe na cinye burodi guda ni kaɗai, na kora da shayi kofi biyu, har Umma ta tsaya a ƙofar kicin riƙe da ludayi tana kallona.

"To Auta, cikin ya buɗe ke nan?"

Ya buɗe, Umma. Wallahi ya buɗe.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: Auta ake ce mini a gida, kuma ni ce mai kula da tsaron kwamfutoci a wani kamfani mai rassa uku. Wanda nake so kuwa, Mai Tsani ake kiransa a gidanmu, don ranar da ya fara taka ƙofarmu da tsani a kafaɗa ya zo, zai ja mana wayar intanet. Shekara biyu ke nan, ya buɗe ɗan ofishinsa, yana da mota, yana saka turare, amma a bakin Umma har gobe Mai Tsani ne. Abin da ya rage mana shi ne Baba ya ce ya yarda. A wannan makon kuma saura ƙiris mu rasa wannan yardar, ni da bakina na jawo.

A aikinmu akwai wata takardar shaida da ake samu bayan an ci jarrabawa mai zafi. Shekara uku take yi. Kafin wa'adin ya cika sai ka sake zama ka sabunta, in ba haka ba sunanka ya koma ja a shafin masu bayar da ita, kuma ba ka da izinin ci gaba da buga tambarinsu a katinka. Ni da Mai Tsani iri ɗaya muke da ita. Tawa na sabunta bara. Tasa ta mutu wata goma sha huɗu da suka wuce, kuma da gangan ya bar ta ta mutu.

"Kullum ina cikin silin ina jan waya, Auta," haka yake ce mini. "Hannuna bai manta komai ba. Don me zan biya kuɗi duk shekara uku wani ya tambaye ni abin da nake yi da safe da yamma? Na san masu hadda da suka ci jarrabawar nan, amma ba su iya haɗa kan waya ɗaya ba."

Yana da gaskiyarsa, ni ma na san irin waɗannan. Amma nakan ce masa ɓarayin intanet ba sa jiran kowa, abin da muka karanta shekara uku baya rabinsa ya zama tsohon yayi. Sai ya yi dariya ya kira ni Malama, mu bar zancen. Abin da ban taɓa matsa masa a kai ba shi ne katin. Ya buga sababbin katuna, farare masu sheƙi, ga tambarin nan a kusurwa da lambarsa a ƙasa, kamar ba abin da ya faru. Na gani na kawar da kai.

To, mako biyu da suka wuce Baba ya kira ni falo. Baba tsohon mai gyaran rediyo da talabijin ne, ya rufe shago shekara tara ke nan, ya ce idonsa ya yi rauni. Yana zaune a kujerarsa ta gindin taga, a saman kansa kuma ga takardarsa ta koyon gyara cikin gilashi, wadda Umma take gogewa duk Juma'a.

"Yaron nan, aikinsa na gaskiya ne?"

"Na gaskiya ne, Baba."

"Takardunsa cikakku ne?"

Kun san irin sakan ɗin nan da zuciya take ce maka faɗi gaskiya, baki kuma ya riga ta? Na ce, "Cikakku ne, Baba."

Na lallashi kaina da cewa ai Baba ma bai yarda da sabuntawar ba. Bara da nake karatun tawa, ina yawo da littafi har bakin murhu, tsokanata ya dinga yi: "Shi ilimin naku madara ce da za ta yi tsami? Dubi tawa, shekara talatin da huɗu, ba wanda ya ce in dawo." Sai na ce a raina, ko ya ji ma ba zai damu ba. Haka mutum yake yi wa kansa huɗuba idan ya yi ƙarya.

Na manta da Yaya.

Yayana mutum ne da in ka ba shi katin gayyata sai ya juya bayansa ya karanta sunan maɗaba'a. Shi Baba ya ɗora wa bincike. Ranar Litinin na dawo daga aiki da yamma, doguwar rigata ruwan toka duk ta yamutse, jakar kwamfuta tana cin kafaɗata, na yi sallama. Umma ce kaɗai ta amsa, ita ma ciki-ciki. An kashe talabijin. Fanka ce kawai take juyi. A kan tebur ga katin Mai Tsani, kusa da shi ga wayar Yaya a kunne.

"Zo ki karanta mana," in ji Yaya. "Ke ce 'yar boko."

Ba sai na matsa ba. Daga inda nake na hango jan rubutun.

"Lambar da ke jikin katin na saka a shafinsu," ya ce. "Sun ce wa'adinta ya ƙare tun bara. Ko dai ban iya karatu ba ne?"

"Ka iya," na ce.

Baba bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi mini sauƙi.

"Kin sani ranar da na tambaye ki?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafina. "Na sani, Baba."

Umma ta saki salati. Yaya ya buɗe baki zai fara wa'azi, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Ki ce masa ya zo ranar Alhamis bayan la'asar. Shi kaɗai." Ya miƙe ya shige ɗaki, bai ko kalle ni ba.

Na faɗa kan gado da takalmina, na jawo waya.

Na rubuta wa Mai Tsani: *Yaya ya duba lambarka. Baba ya gani.*

Ya amsa nan take: *Wace lamba?*

*Ta katinka mana! Ja wur ta fito.*

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na ƙura mata ido har idona ya yi yaji.

*Me kika ce masa?*

*Da can na ce masa cikakku ne. Yau na ce na san ba haka ba ne.*

*Kin yi ƙarya saboda ni?*

*Kar ka mayar da shi abin soyayya, don Allah. Ubana ya daina kallona.*

Ya daɗe kafin ya turo: *Zan iya yin rajista yanzu, in zo masa da shaidar rajistar a hannu.*

Na yi tunani. Dabara ce mai kyau, irin wadda ta kai ni inda nake. Na rubuta: *A'a. Ka zo yadda kake.*

Kwana ukun nan, kar Allah Ya maimaita. Baba yana amsa gaisuwata da kalma ɗaya. Ruwan shayin da nake kai masa da safe sai ya ce in ajiye, alhali da sai ya riƙe ni da hira har in kusa makara. Umma tana bina da ido, ta zuba mini abinci in juya cokali in tashi. Ranar Laraba ta same ni a kicin ina wanke kofi ɗaya tun ɗazu.

"Ba takardar ce ta dame shi ba, Auta," ta ce a hankali. "Ke ce ba ki taɓa yi masa haka ba."

Na fashe da kuka a kan kwanukan wanke-wanke. Kunya ce ta fi tsoron yawa, in gaya muku gaskiya.

Ranar Alhamis na nemi izini na dawo da wuri. Sau uku ina canza kaya, kamar kayan ne za su yi mini bayani. Na ƙare a baƙar doguwar riga marar ado da farin mayafi, ko kwalli ban saka ba. Mai Tsani yana yin sallama na leƙa ta labule. Farar riga ce a jikinsa, an goge ta har tana ɗaukar ido, amma gumi ya riga ya jiƙa bayanta. A hannunsa akwai ɗan kwali.

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Umma, ya miƙa wa Yaya hannu. Baba ya ce in shigo in zauna. Na raɓe a ƙarshen doguwar kujera.

Kafin a tambaye shi komai ya ajiye kwalin a gaban Baba ya buɗe. Katunan ne, cike.

"Saura ɗari uku da wani abu, Baba. Waɗanda na raba ba zan iya dawo da su ba, amma na aika wa duk wanda nake yi wa aiki saƙo na gaya masa. Bai kamata in buga tambarin ba. Laifina ne, ba na Auta ba."

"Nata laifin daban, naka daban," in ji Baba. "Me ya hana ka sabuntawa? Rashin hali?"

"A'a, Baba. Ban yarda da tsarin ba ne."

Na runtse ido. Na ce ya zo yadda yake, amma ban ce ya zo da dukkan taurin kansa ba!

Ya kuwa zayyana komai: silin, jan waya, masu hadda, da cewa wanda yake aiki kullum aikin ne shaidarsa. Har ya ɗaga kai ya nuna bango. "Ga taku nan, Baba. Ba wanda ya sa mata wa'adi, kuma ba wanda zai ce ba ku iya gyara ba."

Yaya ya yi tsaki. Ni kuwa wani ɗan fata ya taso mini, don na san ra'ayin Baba a kan madara da tsami. Na zaci zai gyaɗa kai.

Bai gyaɗa ba. Ya kalli Mai Tsani, sannan ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Ku biyo ni. Ke ma."

Akwai wani ɗan ɗaki a bayan gidanmu inda Baba ya tara kayan shagonsa. Ba ma shiga, mabuɗin yana aljihunsa. Ya buɗe, warin ƙura da tsohuwar dalma ya bugo mu. Ga tsofaffin talabijin masu ƙaton baya an jera, ga mitarsa ta auna wuta a rataye, ga gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, kowanne da rubutun hannunsa a jiki. Ya wuce duk waɗannan zuwa lungu, ya yaye wani tsohon zanen gado. Talabijin ce shafaffiya irin ta bango, an kwance bayanta.

"Ka san wannan?"

"Irin na farko-farkon da suka shigo ne," in ji Mai Tsani.

"Wani mutum ya kawo mini ita. Shekara ashirin ina yi masa gyara, tun rediyon aurensa. Ya ajiye ya tafi, ko tambayata bai yi ba ko zan iya, don ya ga takarda a bango kuma ya san hannuna." Baba ya shafa gefen talabijin ɗin. "Na buɗe bayanta, na ga abin da ban taɓa gani ba. Da na ce masa ban sani ba, da shi ke nan. Sai na ce ai wuta wuta ce, shekara ashirin da biyar ina wannan aiki. Na sa mata ƙarfen dalma yadda na saba. Ƙaramar matsala ce da ita, wani a layin baya ya gaya mini daga baya aikin rabin awa ne. Ni na kashe ta gaba ɗaya."

Na ji Umma ta zo ta tsaya a bayana.

"Na saya masa sabuwa, na riƙe wannan. Bai yi mini faɗa ba. Bai dai sake dawowa ba. Bayan wata huɗu na rufe shagon."

"Baba," na ce, "ba ido ba ne?"

"Idona ƙalau yake a lokacin, Auta. Uwarki kaɗai ta sani." Ya juyo ya dube ni, karo na farko tun Litinin. "Kin ga ashe ba ke kika fara ba. A gida kika gada."

Hawaye suka zubo mini, ban ko share ba.

Ya koma kan Mai Tsani. "Abin da ka faɗa akwai gaskiya a ciki. Riƙon ƙarfen dalma ba ya tsufa. Ko yau ka ba ni waya biyu zan haɗa maka su ido a rufe, kuma duk wanda ya ce in sake jarrabawa a kan wannan ya raina ni. Amma abin da ke cikin akwatin yana canzawa, hannunka kuma ba zai gaya maka ba, don shi kullum ji yake ya iya. Tawa takardar ba a rubuta mata ranar mutuwa ba. Ta mutu a bango ina goge ta, sai a kan kayan mutumin da ya yarda da ni na gane. Taka an rubuta maka rana, an aiko maka da saƙo, ka ce ba ka so."

"Bara kuma kuna ta tsokanata da madara," na ce cikin kuka, ban san lokacin da ya fito ba.

Baba ya yi ɗan murmushi. "Haushi nake ji, 'yar nan. Ina ganinki da littafi a bakin murhu, ina cewa da ma ni an tilasta mini."

Na dubi Mai Tsani. Yana tsaye yana kallon cikin talabijin ɗin nan, kunnuwansa kamar an ja masa su.

Da muka koma falo Baba bai zauna ba. Ya miƙa hannu ya sauke takardarsa daga bango, ya goge gilashin da hannun riga, ya miƙa wa Umma.

"Adana mini ita a akwati. Ta yi aikinta."

Inda take ya bar wani farin murabba'i a jikin fenti, da ƙusa ɗaya a tsakiya. Baba ya nuna ƙusar.

"Ban kore ka ba. Mutumin da ya kawo laifinsa a kwali ba na korarsa. Amma ba zan ba ka amsa ba sai ka kawo abin da za a rataya a nan, mai rai. In ka faɗi, ka zo ka ce mini ka faɗi, mu san abin yi. Kar dai in ji a wayar wannan." Ya nuna Yaya da haɓa.

"Ni aikin da aka sa ni na yi," in ji Yaya.

"Ka yi, sannu. Ka kuma ji daɗinsa fiye da kima."

Umma ta tuntsire da dariya, ta toshe baki da mayafi. A nan ne na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Na rarrafa na dafa gwiwar Baba na ce ya yafe mini. Ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Tashi ki kawo wa mutane shayi, kin bar baƙo da bushewar maƙogwaro."

Jiya Juma'a ina ofis saƙon Mai Tsani ya shigo.

*Na yi rajista. Kwana ashirin da bakwai.*

*Ma sha Allah.*

*Na buɗe jerin abin da za a tambaya. Auta, akwai babi huɗu da ko sunansu ban taɓa ji ba.*

Na rubuta *Ai na gaya maka*, na kalle shi, na goge. Ku yaba mini, don ba ƙaramin jihadi na yi ba. Na tura: *Littattafaina na bara suna nan.*

*Littafi kaɗai ba zai yi ba. Ki koya mini, Malama. Wannan karon ba tsokana ba ce.*

Na kai wa Baba maganar ina rarraba ido. Ya ce ba laifi, amma a falo, a gabansa, Asabar da Lahadi da hantsi.

Shi ya sa yau bayan burodin nan na shimfiɗa littattafai a kan tebur, na kunna kwamfuta. Mai Tsani ya zo da biro biyu kamar ɗan aji ɗaya. Na ce kafin mu fara sai ya yi jarrabawar gwaji, in san inda ciwon yake. Minti arba'in yana fama, yana share goshi, yana cewa "wannan kuma yaushe aka fito da shi?" Ni ina gefe ina yi kamar ban ji ba.

Muna cikin haka Baba ya fito. Na ɗauka carbi zai riƙo ya zauna gadi a kujerarsa ta gindin taga. Sai na gan shi da tabarau a hanci, da sabon littafin rubutu mai bangon shuɗi, ko lanƙwasa shi ba a yi ba. Ya jawo kujera ya zauna a teburin, yana fuskantar ƙusar.

"Baba, wannan fa?"

"Gadi nake yi," ya ce, yana buɗe shafin farko yana rubuta kwanan wata. "Amma in kin zo bayani ki ɗaga murya, kuma ki fara daga farko."

Kwamfutar ta yi ƙara, sakamako ya fito. Mai Tsani ya kalla ya dafe kai.

"Nawa ake so?" in ji Baba.

"Saba'in da biyar, Baba."

"Shi nawa ya ci?"

Na kalli Mai Tsani. Ya ɗago, ya faɗa da bakinsa.

"Arba'in da ɗaya, Baba."

Baba ya ɗaga kai ya dubi ƙusar, ya sauke ido a kansa. A kicin na ji Umma ta tsayar da wanke-wanke.

"To matso da kujerarka kusa da tawa, ɗana," ya ce. "Saura kwana ashirin da shida."